Gidajen Senglea a Zanen Escher

A tsibirin Malta, tsakiyar Bahar Rum, akwai wani ƙaramin gari mai suna Senglea, wanda ke zaune bisa wani siririn tsauni da ya kutsa cikin babbar tashar jiragen ruwa, daura da birnin Valletta. Sunan nan ya samo asali daga Claude de la Sengle, shugaban mayaƙan Kirista da ke riƙe da tsibirin, wanda ya ganuwance wurin a tsakiyar ƙarni na 16. Da rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kewaye Malta cikin 1565, garin bai ciwu ba. Amma zancen yau na gidajensa ne, da kuma wani mutumin Holan da ya zana su.

Mutumin shi ne M. C. Escher, an haife shi cikin 1898, ya rasu cikin 1972. Sana'arsa zanen bugu. Wato yakan sassaƙa sura a jikin allon katako, ko ya zana ta bisa shimfiɗaɗɗen dutse, sa'an nan ya shafa tawada ya danna takarda, kamar yadda ake buga hatimi. Don haka tilas ya yi kome a juye, dama ta koma hagu. Ya zauna a Italiya fiye da shekara goma, yana yawo ƙauye-ƙauye yana zane, har 1935, lokacin da mulkin Mussolini ya ishe shi, ya kwashe iyalinsa zuwa Suwizalan. A cikin shekarar nan ne jirgin da ya shiga ya yada zango a Malta, ya ga Senglea daga kan ruwa, ya sassaƙa ta a katako.

Abin da ya gani kuwa ba fādar sarauta ba ce. Benaye ne na talakawa, galibinsu ma'aikatan tashar gyaran jiragen yaƙin Ingila, wadda ke mulkin tsibirin a zamanin. Ƙasa ta yi kaɗan, sai gini ya yi sama, gida bisa gida, kowane hawa da nasa iyali. An yi su da dutse mai taushi na tsibirin, wanda iskar teku da gishirinta ke ci a hankali, ga barandodi na katako maƙale a bango. Masu rubuta tarihin sarakuna ba su cika ɓata tawada kan irin waɗannan gidaje ba. Escher ya bi su taga bayan taga.

Bayan shekara shida, a watan Janairu na 1941, jiragen saman Jamus suka yi wa tashar ruwan bama-bamai suna neman jirgin yaƙin nan Illustrious da ake gyara a can. Senglea na gefe, ita ta sha wuta. Babban cocinta ya rushe, unguwanni suka zama kufai, mutane suka watse. Da haka zanen da aka yi don sha'awa ya zama shaida kan garin da ba ya nan yadda yake a da.

To, a nan ne ya kamata ɗalibin tarihi ya yi hattara, domin Escher ya sake komawa kan gidajen nan sau biyu, kuma ba don tarihi ba. Cikin 1945 ya buga su a dutse, ya kumbura tsakiyar zanen ninki huɗu, har wata baranda ta turo kamar ƙurji. Cikin 1956 ya murɗe su gaba ɗaya: wani saurayi tsaye a zauren nuna zane yana kallon hoton gari, garin kuwa ya miƙe ya lanƙwaso har ya haɗiye zauren da saurayin ke ciki. Tsakiyar ta gagare shi, ya bar ta fari ya sa hannu a wurin; sai cikin 2003 masana lissafi na Jami'ar Leiden suka bayyana yadda za a cike gurbin. Waɗannan biyun ne duniya ta sani, kuma da yawa cikin masu yaba su ba su san cewa gidajen na wani gari ne na gaske ba, balle su san an taɓa kwana a cikinsu.