Na'urorin Ɗaurawa a Jiki wajen Tantance Masu Rauni a Babban Haɗari: Nazari daga Akokan da Arlit

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko ƙananan na'urorin da ake maƙala wa mai rauni a yatsa ko a ƙirji za su iya ɗaukar nauyin yanke wanda za a fara ceta idan haɗari ya rutsa da mutane da yawa lokaci guda a garuruwan yuraniyom na jihar Agadas. Matsayarta ita ce amfaninsu yana cikin sa ido a kan wanda aka riga aka tantance, kuma bai kamata a damƙa wa ma'aunin iskar jini ikon raba masu rauni ba.

Gabatarwa

Tantancewa, wadda ma'aikatan lafiya a Nijar suke kira triyaj da Faransanci, ita ce jera masu rauni bisa gaggawar halinsu idan sun fi ƙarfin hannayen da ke wurin. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne START, wanda aka tsara a Kaliforniya a 1983: mai iya tafiya da ƙafarsa a ba shi kore, wanda numfashinsa ya wuce 30 a minti ɗaya ko bugun jijiyar hannunsa ya ɓace ko ya kasa bin umarni a ba shi ja, mai iya jira a ba shi rawaya, wanda ba ya numfashi ko bayan an buɗe masa hanyar iska a ba shi baƙi.

Arlit ta san irin ranar da mutane da yawa ke jin rauni lokaci guda, domin a ranar 23 ga Mayu 2013 an tayar da bam a mota a ma'aikatar yuraniyom ta SOMAÏR, mutum ɗaya ya rasu, fiye da goma suka ji rauni, a daidai safiyar da aka kai hari barikin soja na Agadas. Ramin yuraniyom na kamfanin COMINAK a Akokan, mai zurfin kusan mita 250, an rufe shi a 31 ga Maris 2021, amma haƙar zinariya a Tchibarakaten da zirga-zirgar manyan motoci ba su tsaya ba, kuma ruftawar ramin Ɗan Isa ta jihar Maraɗi a Nuwamba 2021 ta nuna abin da ramukan gargajiya ke iya jawowa.

Bitar ayyukan da suka gabata

Tun shekarun 2000 aka gwada katin tantancewa na lantarki a Amurka, a ayyukan CodeBlue na Jami'ar Harvard, da AID-N na Johns Hopkins, da WIISARD na San Diyego. Dukkansu sun yi daidai a abu ɗaya: katin takarda da aka ɗaura a wuyan hannu ba ya motsi, alhali jikin mai rauni yana sauyawa. Inda wannan nazari ya saɓa da masu ɗokin fasahar shi ne zaton da suke ginawa a kai ba tare da sun faɗa ba, wato asibitin tiyata yana kusa, sadarwa ba ta yankewa, kuma hasken na'ura yana karanta kowace fata iri ɗaya. Ko ɗaya daga cikin ukun bai tabbata a Akokan ba.

Hanyar bincike

An ɗauki abubuwan da na'urorin suke aunawa ɗaya bayan ɗaya, aka gwama abin da aka wallafa game da ingancinsu da yanayin wurin: launin fatar jama'a, zafi, ƙura da nisa.

Sakamako

Babban abin da ya fito ya shafi ma'aunin iskar jini, ɗan matsin nan da ake sa wa yatsa, wanda ke harba jan haske da wani haske da ido ba ya gani ta cikin nama, sannan ya ƙiyasta yawan iskar oksijin daga abin da ya ratsa. Binciken Jami'ar Mishigan da aka buga a Disamba 2020 ya duba majinyatan da na'urar ta nuna musu kashi 92 zuwa 96 cikin ɗari, ya tarar cewa ainihin iskar jininsu ta gaza kashi 88 a cikin kashi 11.7 na awon da aka yi wa baƙar fata, amma kashi 3.6 kawai na awon da aka yi wa farar fata. Abin lura ba girman kuskuren kaɗai ba ne, har da inda ya karkata, domin na'urar tana ƙara wa baƙar fata lamba, ta nuna lafiya inda babu ita. A ɗakin asibiti likita zai iya ɗibar jini ya tabbatar, amma a bakin rami, inda lambar ce za ta kunna fitila ja ko rawaya, sakamakon shi ne a ajiye wanda ya kamata a fara ɗauka. A garin da mafi yawan masu raunin za su kasance Hausawa da Abzinawa da Tubawa, wannan matsala ta kusan kowa ce.

Haɗarin wurin kuma yana ƙara dagula lamarin. Idan gobara ta tashi a rami ko tankar mai ta kama wuta, hayaƙin yana ɗauke da iskar guba da ke manne wa jini a gurbin oksijin, kuma ma'aunin yatsa na yau da kullum ba ya bambanta su, don haka sai ya nuna lamba mai kyau ga mutumin da ke shaƙewa. Wanda jini ya zuba masa da yawa kuwa, jikinsa yakan janye jinin daga gaɓoɓi, yatsan ya yi sanyi, ga ƙurar dutse ta toshe farce, sai na'urar ta yi ta ƙyaftawa ba lamba, a hannun wanda ya fi kowa buƙatarta.

Ƙirga bugun zuciya daban yake. Faifan da ake mannawa a ƙirji yana jin motsin lantarkin zuciya ne, ba ruwansa da launin fata, ko da yake gumi da ƙura kan ɓamɓare shi. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai a ranar da zafi ya haura digiri 40, tunda ƙishi da firgita ma suna tayar da zuciya. Abin da ke magana shi ne hauhawar bugun a hankali cikin sa'a ɗaya ko biyu, wanda kan riga faɗuwar awon jini zuwa, musamman a jikin matashi mai ƙarfi da ke zubar jini ta ciki. A nan nisa ya ba na'urar daraja, domin tsakanin Arlit da Agadas kusan kilomita 240 ne a kan hanyar yuraniyom da ta lalace, Yamai kuma ta wuce kilomita 1,000, kuma ma'aikacin jinya ɗaya a bayan mota ba zai iya riƙe hannun mutum huɗu lokaci guda ba. Sharaɗin shi ne ƙararrawar ta yi kuka a jikin na'urar kanta, ba sai ta nemi intanet ba. Ma'aikatan ma'adinai ma sun daɗe da sabawa da ɗaura ma'aunin tiririn yuraniyom a jiki, don haka karɓuwa ba ita ce matsalar ba.

Iyakar binciken

Dole a amince cewa nazarin bai gwada na'ura a Akokan ba, kuma alƙaluman Mishigan na majinyatan asibiti ne, ba na waɗanda aka zaƙulo daga ƙasa ba. Sai dai wannan bai sassauta hukuncin ba, tunda babu dalilin zaton na'urar da ta kuskure a ɗaki mai sanyi za ta gyaru a tsakar rana cikin ƙura, kuma nauyin kawo hujja yana kan mai sayar da ita, wanda ya kamata ya nuna gwajin da ya yi a kan baƙar fata kafin a sa hannu a takardar saye.