Whistler da Gidajen Bakin Ruwa na Birnin Benis

A ƙasar Italiya akwai wani birni da ake kira Benis, wanda aka gina bisa tsibirai. Manyan hanyoyinsa ruwa ne, mutum ya fito ƙofar gidansa sai ya shiga kwalekwale. Masu zane da yawa sun zana shi, amma kaɗan ne suka kai James Whistler, mutumin Amurka mazaunin Landan.

Tsiya ce ta kai shi can. A 1877 ya yi ƙarar wani mashahurin marubuci, John Ruskin, don ya kushe masa aiki. Ya ci shari'a, amma diyyar da aka yanka masa rubu'in kwabo ce kawai, kuɗin shari'a kuwa suka cinye shi. A 1879 aka sayar da gidansa saboda bashi. Sa'an nan wani kamfanin sayar da zane na Landan ya aike shi Benis ya yi zane 12 cikin wata uku. Ya yi wata 14, ya komo da kamar 50.

Ga yadda ake wannan sana'a. A shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a yi zane a kansa da allura, a tsoma shi cikin ruwan magani mai cin ƙarfe. Inda allura ta bi, nan ruwan zai ci. Sai a cusa tawada cikin ramukan, a danna takarda, zane ya fito a juye kamar na hatimi.

Sauran masu zane fādodi da manyan majami'u suka fi bi. Shi kuwa yakan shiga kwalekwale ya bi lunguna, ya zana tsofaffin ƙofofi da ruwa ya ci, da matakala, da tufafi a shanye, da jirage ɗaure a gindin bango, da inuwar gidaje cikin ruwa.

Da aka nuna su a Landan cikin Disamba 1880, wasu suka ce ai bai gama aikin ba, don ya bar takarda fara a wurare da yawa. Bai sāke hali ba. A 1889 ya tafi Amstardam ta ƙasar Holan, ya zana gidajen talakawa na bakin ruwa daga cikin jirgi.

Ya rasu a 1903. Yau manyan gidajen ajiye kayan tarihi na Turai da Amurka suna alfahari da zanen nan da aka raina.