Ƙaron Damargu da tsarin da ke gina kansa

Duk mai haɗa tawadar allo a Tanut ko Belbeji ya san cewa in babu ƙaron dakwara, baƙin tukunya dunƙulewa yake ya kwanta a gindin kurtu. Dalilin yana cikin ƙirar ƙaron. Mafi yawansa sarƙoƙin sukari ne masu son ruwa, sai ɗan furotin, wajen kashi 2 cikin 100, mai gudun ruwa. Furotin ya manne wa baƙin, sukarin ya miƙe cikin ruwa, sai kowace ƙwaya ta sami rigar da ke hana ta liƙe wa 'yar'uwarta. Wannan hali ne ya sa kamfanonin lemon kwalba ke sayen ƙaro da lambar E414.

Wannan tushe ne kuma ke aiki a polima mai gaɓa biyu: sarƙoƙi iri biyu da ba sa ga maciji, aka ƙulle bakinsu wuri guda, kamar shanun huɗa biyu masu faɗa a karkiya ɗaya. Mai da ruwa suna rabuwa sarai don babu abin da ya ɗaure su. Sarƙoƙin nan biyu kuwa, iyakar nisan da za su iya yi wa juna shi ne tsawon sarƙar, nanomita 10 zuwa 100. Idan gaɓoɓin sun yi daidai, sai su jeru falle-falle; idan ɗaya ta gajarta, ta zama sanduna, ta ƙara gajarta ta koma dunƙule-dunƙule, kowanne a mazauninsa. A 1980 Ludwik Leibler ya lissafa a Faransa cewa, ga gaɓoɓi masu daidai, jeruwar na farawa idan aka ninka ƙarfin ƙiyayyar gaɓoɓin da tsawon sarƙa, sakamakon ya haura 10.5.

Mai suka zai ce kwatancen ya yi nisa, tunda ƙaro rassa gare shi barkatai, kuma ba ya jeruwa sahu-sahu. Ya yi gaskiya, sai dai sukar tasa tana ƙarfafa hujjar ne. Ƙiyayya da ɗauri sun isa su sa sarƙa ta tsaya a kan iyakar ruwa da mai, amma jeri mai tsari yana neman sharaɗi na uku, wato sarƙoƙin su kusan zama tsawo ɗaya. Itacen dakwara ba ya aunawa. Sai a 1956 Michael Szwarc ya gano a Amurka hanyar tsawaita sarƙa ba tare da bakinta ya mutu ba, ta yadda za a gama gaɓar farko a ɗora ta biyu a kanta, a tsawon da aka zaɓa.