Kwat da Jallabiya: Tufar Ma'aikaci a Tsakanin Umdurman da Khartum

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu yadi a kasuwar Umdurman da hantsi, ya ga teloli a kan kekunansu da tulin farin yadi a gabansu, ya ga dukawa suna goge jajayen takalman da ake kira markub, to ya ratsa wurin da aka daɗe ana warware wata mas'ala mai damun ma'aikatan Sudan, wato wace irin shiga ce ta dace da mai zama a ofis, wadda za ta tsare masa mutunci ba tare da ta gasa shi a zafin ƙasar ba.

Tun lokacin da Umdurman ta zama birni, tufa ta kasance al'amarin hukuma. Bayan da Imam Mahadi Muhammadu Ahmad ya ci Khartum a watan Janairun 1885, ya kuma rasu a watan Yunin shekarar, Halifa Abdullahi ya mai da Umdurman fadar daula, 'yan kasuwa da masu sana'a suka taru a cikinta daga kowace nahiya. Tufar Ansaru, mabiyan Mahadi, a lokacin ita ce jibba mai faci, gadon sufaye kuma alamar zuhudu, aka ƙyamaci jan tarbushin Turkawa domin shi ne tambarin azzaluman da aka kora. Sai dai ɗan Adam bai cika haƙura da ado ba, don kuwa ba a jima ba facin nan ya koma ƙyallaye masu launi da ake jerawa bisa tsari, har jibbar amiri ta bambanta da ta talaka.

Da daular ta faɗi a yaƙin Karari cikin Satumban 1898, Turawan Ingila da Misrawa suka sake gina Khartum a ƙetaren kogi, suka buɗe Kwalejin Gordon a 1902 domin horar da akawuna da malamai da ƙananan ma'aikata. Waɗannan su ne afandiyya, kuma sharaɗin aikinsu ya haɗa da kwat da wando da tarbush. Da yawansu gidajensu na Umdurman, saboda haka afandi yakan ƙetare Farin Nilu da sassafe, da fari a jirgin fito, daga baya a kan gadar da aka gina cikin shekarun 1920, ya wuni a cikin kwat har wajen ƙarfe biyu, sannan ya komo gida ya tuɓe ta, ya zuba jallabiya, ya naɗa rawani, ya fita sallar la'asar da zaman majalisa kamar kowa. Mutum ɗaya ne da tufa biyu, kogi ya raba masa su.

Tajiran kasuwa kuwa ba su taɓa ganin lalurar wannan wahala ba. Da farar jallabiya da falmaran da rawani mai yawan naɗi suke ƙulla ciniki da Girkawa da Siriyawa da Indiyawa, kuma ba wanda ya raina sa hannunsu domin rashin kwat. Daga wajensu ne 'yan boko, waɗanda suka kafa kulob ɗinsu a Umdurman a 1918 da babban taronsu a 1938, suka fara lura cewa ƙima ba ta ta'allaƙa da ɗinkin Turai ba. Audugar Jazira, wadda aka faɗaɗa nomanta daga 1925, kuma Hausawa da Fulani mahajjata na cikin masu tsinkarta domin neman guzuri, ana kai ta masaƙun Lankasha ne ta dawo yadi mai tsada. Wannan ya sa wasu masu kishin ƙasa suka koma sayen damur, wato saƙin hannu na gida, suna kai wa tela ya ɗinka musu kayan zuwa aiki da shi.

Mata ne suka fi kowa dacewa da mafita. Tun daga makarantar unguwarzoma da aka buɗe a Umdurman a 1921, har zuwa malaman makaranta da ma'aikatan ofis, farin tob ya zama tufar aiki: mayafi ne mai tsawo da ake naɗawa a kan riga, ya cika sharaɗin sutura, ya kuma shaida wa kowa cewa mai shi tana bakin aiki, masu launi kuwa a bar su sai biki da ziyara. Da irin wannan farin tob aka san Fatima Ahmad Ibrahim, wadda ta zama mace ta farko a majalisar dokokin ƙasar a 1965.

Bayan samun mulkin kai a ranar 1 ga Janairun 1956, tarbush ya ɓace, kwat ta koma ta manyan taruka, ma'aikaci ya tsaya a tsaka-tsaki: riga mai gajeren hannu da wando, ko safari, ko jallabiya a ofishin da ya yarda da ita. Abin da ido ke dubawa shi ne tsabta da guga da hasken farin, kuma duk waɗannan a hannun telan Umdurman da mai wankinta suke.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ƙone sassan kasuwar, aka wawashe shaguna, masu sana'a suka watsu cikin ƙasa da wajenta. Allah Ya kawo sulhu, Ya mayar da kowane tela kan kekensa.