Da gaske ne kakanninmu ba sa wuce shekara 40? Zare

1/ Jiya a majalisa wani abokina ya ce shi ba ya wahalar da kansa da tanadin tsufa, tunda an ce ɗan Najeriya shekara 54 yake yi a duniya. Yanzu yana da 41. Wai saura 13, gara ya ci abinsa. Aka yi ta dariya. Ni dai maganar ta tsaya mini, don ya yi wa lambar gurguwar fahimta. Ku biyo ni.

2/ Mu fara daga gida. Kakata ta wajen uwa haihuwarta 11, biyar suka rayu. Shidan ko yaye ba a yi wa wasunsu ba. Ita kuwa sai da ta ga tattaɓa-kunne. Ƙannenta biyu ma da sanda suka bar duniya. To in mutanen da ba sa daɗewa, su waɗannan tsofaffin daga ina suka fito?

3/ Ga lissafin. A ce an haifi yara 10 a ƙauye ɗaya. Huɗu sun rasu suna jarirai, shida sun kai shekara 65. Ka tara shekarun ka raba gida 10, za ka samu 39. Sai a rubuta cewa tsawon rai a garin shekara 39 ne, alhali babu ko mutum ɗaya da ya mutu yana 39. Kun gane?

4/ Wanda ya fara irin wannan ƙidayar wani ɗan kasuwa ne a Landan, John Graunt, mai sayar da kayan ɗinki. Ya tattara takardun da majami'u ke fitarwa duk mako na waɗanda aka binne, ya wallafa sakamakon a 1662. A ƙiyasinsa, cikin yara 100 da aka haifa, 36 ba sa kaiwa shekara shida.

5/ A 1693 sai Edmond Halley, wanda aka sa wa tauraruwar nan mai wutsiya sunansa, ya ɗauki bayanan haihuwa da mutuwa na birnin Breslau, a Poland ta yau. Ya fitar da jadawalin da ke nuna mai shekara kaza, shekara nawa ake sa ran ya ƙara. Harkar kuɗi ce ta kawo aikin: nawa ya kamata a karɓa daga mutumin da za a riƙa biya duk shekara har ya mutu?

6/ Ku riƙe wannan, don nan abokina ya ɓata. Lambar jariri daban, lambar wanda ya riga ya girma daban. Duk shekarar da ka tsallake, lissafinka sabo ne.

7/ Mu Hausawa ba mu ajiye jadawali ba, amma mun ajiye tarihin a cikin sunaye. Ajuji, Ayashe, Abarshi. Sunayen 'ya'yan wabi ne, matar da take haihuwa suna komawa. Har kalma guda muka ware wa abin saboda yawansa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka inda mutuwa ta fi ɗiba.

8/ Waɗanda suka tsallake ƙuruciya kuwa suna kaiwa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi 1754, ya rasu 1817, yana da shekara 62. 'Yarsa Nana Asma'u ta kai wajen 70, a zamanin da babu asibiti ko ɗaya irin na yau a ƙasar Hausa.

9/ A shekarar 1900 matsakaicin tsawon rai a duniya bai wuce 32 ba. Zuwa 2019 ya kai wajen 73. Cikin ƙarni ɗaya da 'yan kai ya ninka. Babban abin da ya jawo haka shi ne yara sun rage mutuwa. Abubuwa uku zan kawo.

10/ Na farko ruwa. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan. Likita John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya ga yawancinsu famfo ɗaya suke ɗiba a titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. A lokacin manyan likitoci warin iska suke zargi. Daga baya birane suka koyi raba ruwan sha da na masai.

11/ Na biyu riga-kafi. Agana ta kashe mutum kusan miliyan 300 a ƙarni na 20 kaɗai. Edward Jenner ya gwada riga-kafinta a 1796. Dabarar da ta taimaka wajen ƙarasa ta, wato a nemo mai cutar a yi wa na kusa da shi lamba, a gabashin Najeriya William Foege ya gwada ta a 1966. A 1980 WHO ta sanar an kawar da ita. Ku tambayi tsofaffinku labarin agana, ku ga yadda fuskarsu za ta canja.

12/ Na uku ya fi ba ni mamaki: ruwan gishiri da sukari. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, ruwan ƙari ya yi ƙaranci a sansanin 'yan gudun hijira. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa shi ana ba masu kwalara da kofi. Wannan ƙaramin ƙullin da ake ba iyaye mata a asibiti ya ceci yara miliyoyi.

13/ Yanzu fansho. Lokacin da Bismarck ya kafa fanshon tsufa a Jamus a 1889, sai ka kai 70 za ka fara karɓa, a ƙasar da lambar jariri take wajen 40. Sai 1916 aka sauko da shi 65. Da mutane suka fara daɗewa, tsufa ya zama abin da ake zama a yi wa kasafi.

14/ Mu dawo 54 ɗin abokina. A 1960 lambar Najeriya wajen 37 ce, an samu ci gaba. Abin da ya danne ta har yau yara ne: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000, 132 ba sa kaiwa shekara biyar, kuma abin ya fi tsanani a nan Arewa. Kai mai 41 ka wuce wannan siratsin tuntuni.

15/ Wanda ya kai 60 a ƙasar nan, a lissafi ana sa ran ya ƙara sama da shekara goma. Ma'aikacin gwamnati kuma a 60 yake ritaya, ko in ya cika shekara 35 yana aiki. Wa zai ɗauki nauyin waɗannan shekarun?

16/ Na gani a gidanmu. Babana ya yi ritaya da tunanin kwana kaɗan ya rage. Ya yi shekara 19 bayan nan. Hawan jinin da bai taɓa aunawa ba ya shanye masa ɓarin jiki, takwas ɗin ƙarshe a kwance ya yi su. Gonarsa a kuɗin magani ta tafi. Allah Ya jiƙansa.

17/ Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma tunda ba ka san ranar ba, ba ka da hujjar cewa ta kusa. Ka auna jininka da sukarinka ko sau ɗaya a shekara. Ka rage gishiri, ka yi tafiyar ƙasa. Ka ajiye wani abu, ko adashi, ko fili, ko fanshon masu sana'ar hannu da aka buɗe a 2019. Da sauran kuka ake miyar bazara.

18/ Yaran gidanka kuma a kai su riga-kafi, a tafasa musu ruwa, a sa su a gidan sauro. Ta nan lambar za ta tashi. Abokina dai ya ce Asabar zai je a auna shi, ni zan kai shi a mashin. Allah Ya ba mu tsawon rai mai amfani.