Zangon Kwatano da Ɗalibin Ilimin Zamantakewa

Kalmar zango a asalinta masaukin fatake take nufi, wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana kafin madugu ya ba da izinin tashi. Da fataucin goro ya kai Hausawa Gwanja da Asante, daga baya kuma biranen bakin teku, sai wasu masaukan suka zama mazauni na dindindin, sunan kuwa ya bi su. Ta haka aka samu Zango a Kumasi da Lome da Kwatano. A Kwatano, unguwannin Zongo Nima da Zongo Ehuzu suna cikin gunduma ta 5, tare da Placodji, tsohuwar unguwar masunta 'yan ƙabilar Xwla da ke bakin teku, kuma babbar kasuwar Dantokpa ba ta da nisa da su.

Masana zamantakewa sun daɗe da gane darajar irin waɗannan unguwanni. Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan tsakanin 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne mai gida. A bakin 'yan zango, mai gida shi ne wanda yake saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ɗauki shanunsa ko goronsa bashi. Cohen ya nuna cewa wannan amana ce ta riƙe kasuwar, kuma shigar mutanen Sabo ɗariƙar Tijjaniyya a shekarun 1950 ta ƙara ɗaure su wuri guda.

Enid Schildkrout kuwa zangon Kumasi ta nazarta, littafinta ya fito a 1978. Ta lura cewa 'ya'yan Mosi da aka haifa a zango da Hausa suke tashi. Wannan batu ya kamata ɗalibin Hausa ya riƙe shi da kyau, domin ba duk mai jin Hausa a zango ne Bahaushe ba. A Kwatano ma Hausawa suna zaune tare da Zabarmawa da Dendawa da Fulani da Yarabawa.

Labarin Lome ya fi kusa da mu, ya kuma fi ban tsoro. A 1977 hukuma ta rushe tsohon zangon da ke tsakiyar birnin, ta mayar da mutanensa bayan gari ta wajen arewa. Michel Agier ya bi su can, ya wallafa bincikensa a 1983. Gidajen sun tafi, amma jerin masu gida da zumuncin da ya haɗa su ya tsira a takarda. Kafin wannan, a 1969, gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙin da ba su da takardun zama, 'yan zango da yawa suka bar ƙasar da aka haife su. Unguwar da ke tsakiyar birni, kusa da kasuwa da tashar jiragen ruwa, kullum idon masu tsara gari yana kanta.

Dukan waɗannan masana uku baƙi ne da suka zo daga nesa. Ɗalibin sashen zamantakewa na Jami'ar Abomey-Calavi, wadda aka kafa a 1970 da sunan Jami'ar Dahomey, yana da abin da suka rasa in ya tashi da Hausa: zai durƙusa ya gaida dattijo yadda ya dace, ya kuma fahimci abin da aka faɗa a kaikaice. A ganina, kundin kammala digirin farko bai kamata ya ɗauko zango gaba ɗaya ba. Gida guda ya isa: wa ya kafa shi, daga wane gari ya taso, baƙin ina yake saukewa, yaya cinikin ya sauya bayan buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965.

Hidima ga jama'a daga nan take farawa. Harshen hukuma a Benin Faransanci ne, dattawan zango da yawa kuwa karatun allo da ajami suka yi. Ɗalibin da ya zo tambaya zai tarar da takardar haihuwa da ake son cikawa, ko takardar fili da ake son a karanta a fassara. Ya yi wannan da izinin mai unguwa da liman, ya ɓoye sunan duk wanda bai yarda a ambace shi ba. In ya gama kundin, ya rubuta taƙaitaccen bayaninsa da Hausa, boko ko ajami, ya kai wa gidan da ya ba shi labarin kafin ya kai wa kowa.