Wa Zai Zana Mana Gulbin Maraɗi?

A watan Janairun 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdul Karim, ya ratsa Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, daga nan ya wuce Kano. Yana tafe yana rubutu, yana kuma zana abin da ya gani. Da ya koma gida, wani mai zane, Johann Martin Bernatz, ya mayar da zane-zanen nasa hotuna masu launi, aka sa su cikin littattafan tafiyarsa na 1857 da 1858. A ciki akwai hoton birnin Kano daga kan Dutsen Dala, wanda har yau masana tarihi ke komawa gare shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kamannin ƙasar Hausa na wancan zamani da idon baƙo muke ganinsa. Kuma zane ba baƙo ba ne a wannan yanki. Akwai zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabus na ƙasar Abzin shekaru dubbai da suka wuce. Magina a Damagaram da Zariya sun ƙawata bangaye, mata sun zana ƙwarya, maɗinka sun ɗora aska takwas a riga. Amma wannan duk ado ne. Ba ya nuna mana yadda wani kwari ko wata gona take a wata shekara.

A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa ba, za su haɗa dabarun da suka koya da abin da suka gada. Darasin nasu ya shafe mu, domin ƙasarmu ta sha sauya kamanni. A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi, aka koma kan tudu. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya bar gonaki tsirara. Daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma, har itatuwa suka dawo cikin gonaki. Yaron Sarkin Yamma na yau, da baki kawai yake jin waɗannan sauye-sauye.

Na san wasu iyaye na ɗari-ɗari da zane saboda addini. To, saɓanin malamai a kan surar mai rai yake. An ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai.

Don haka ina kira ga malaman makaranta: ku fita da yara su zana gawo sau biyu, da damina lokacin da ya kaɗe ganye, da rani lokacin da ya yi kore. Su zana bakin tafkin Madarunfa da dajin Baban Rafi. A cikin aji a ajiye musu tulu da damin gero da goruba. Kowane zane a rubuta masa wuri da kwanan wata. Ƙarshen shekara a manna su a bango, a gayyaci iyaye su zo kallo, sannan a adana su.

Iyaye kuma, fensir da takarda kawai ake nema a wurinku. Yaron da ya zauna sa'a guda yana ƙirga rassan gawo zai yi nauyin hannu ranar da aka miƙa masa gatari. Nan da shekara hamsin, waɗannan takardu ne jikokinmu za su buɗe su ga yadda Gulbin Maraɗi yake a zamaninmu.